Hoto da Baiti: Tarken Zane-zanen Jan Ƙarfe na Waƙar Eniyas a Bugun 1654 da na 1697

1. Gabatarwa

Masu shirya littattafan karatu sukan ɗauki hoto tamkar baran rubutu: rubutu ya faɗi magana, hoto ya biyo baya yana gyaɗa kai. A cikin wannan maƙala za mu gwada ingancin wannan zato bisa wani misali mai nisa da mu ta wajen wuri da zamani, amma wanda shaidarsa ta cika, wato zane-zanen da suka raka fassarar waƙoƙin Birjil zuwa Ingilishi a birnin Landan, karo na farko a shekara ta 1654, karo na biyu kuma a 1697 cikin fassarar wani mawaƙi dabam. Da alluna ɗaya aka buga hotunan littattafan biyu, amma abin da suka faɗa wa mai kallo ya sha bamban. Abin da muke son nunawa shi ne, hoto sharhi ne a kan waƙa, yana da nasa ra'ayi, kuma ana iya juya ra'ayin nan ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na waƙar ba.

2. Waƙar da salon zanen

Birjil mawaƙin Rumawa ne, ya rayu daga shekara ta 70 zuwa ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa. Babban aikinsa shi ne Eniyad, doguwar waƙar jarumta cikin Latin, mai littafi 12 da ɗango kusan 10,000. Jigonta labarin Eniyas ne, wani basarake na birnin Turoya wanda ya tsira ranar da Girkawa suka ƙone garin. Ya yi shekaru yana yawo bisa teku da sauran mutanensa, ya yada zango a Kartaj wajen sarauniya Dido, ya bar ta ta kashe kanta, ya sauka Italiya, ya yi yaƙi da Turnus, daga zuriyarsa kuma Rumawa suka fito. An tsara waƙar a zamanin Agustus, wanda gidansu ke da'awar cewa su jikokin Eniyas ne. Ke nan tun asalinta waƙar tana da ƙafa ɗaya a fada, kuma sarakunan Turai na baya sun riƙa neman ganin fuskarsu cikin jaruminta.

Salon da ake kira Barok ya kunno kai a Roma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya mamaye Turai cikin ƙarni na 17. Alamominsa su ne motsi mai ƙarfi, da jiki a murɗe, da tufafi suna kaɗawa, da karon haske da duhu, da alloli zaune bisa gajimare suna leƙen ƴan Adam. Mai zanen Barok yana farautar daidai lokacin da al'amari ya kai ƙololuwarsa. Waƙar da ke cike da guguwa da gobara da yaƙi ta zama masa kasuwa buɗe.

3. Yadda ake aikin allon

Ba za a fahimci abin da ya faru a 1697 ba sai an san yadda ake yin irin wannan hoto. Akan sami allon jan ƙarfe, a goge shi sumul. Hanya ta farko ita ce mai aiki ya riƙe wani ƙarfe mai kaifin baki yana tura shi bisa allon, yana tsaga layuka ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta biyu kuwa, a shafe allon da wani haɗi na kaki da ƙaro, a zana hoton da allura har ƙarfen ya bayyana, sa'an nan a zuba ruwan asid ya cinye wuraren da allura ta buɗe. Abraham Bosse ya bayyana waɗannan dabaru cikin littafin da ya buga a Faris a 1645. Ko ta wace hanya aka bi, sai a cusa tawada cikin tsagogin, a share fuskar allon, a ɗora takarda mai danshi, a matse su tsakanin gungume biyu masu juyawa. Takarda ta tsotso tawadar, hoto ya fito a juye, dama ta koma hagu.

Abubuwa uku suka biyo daga wannan. Na ɗaya, babu launi: duk duhu da haske da layi ake yin su, inda aka cushe layuka aka gicciya su nan ne dare ko hayaƙi, inda aka bar takarda fara nan ne wuta ko rana. Na biyu, ba a iya buga hoton tare da rubutu a matsa ɗaya, sai a buga shi dabam a saka cikin littafi, wannan ya sa aikin ya yi tsada ƙwarai. Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga zancenmu, jan ƙarfe yana da taushi. Ana iya kankare wani sashe, a bubbuga allon ta baya har wurin ya daidaita, a goge, a sake zana wani abu. Saboda haka allon dukiya ce da ake ajiyewa, a sayar, a gāda, a gyara.

4. Abin da hoto ke zaɓa da abin da yake zubarwa

Kafin mu isa Landan, ya kamata mu dubi hoto guda da idon basira, don a ga irin sharhin da muke nufi. A 1595 Agostino Carracci ya zana bisa jan ƙarfe wani hoton fenti na Federico Barocci mai nuna gudun Eniyas daga Turoya. Barocci ya yi na farkon ne domin Sarki Rudolf na Biyu, wannan ya ɓace. Na biyun, na 1598, yana gidan ajiya na Borghese a Roma. A cikin hoton ana ganin Eniyas ɗauke da tsohonsa Ankisis, tsohon yana rungume da gumakan gida, yaro Askaniyus yana gefen ubansa, matar Eniyas kuwa, Kirusa, tana biye, akwai ɗan tazara tsakaninta da su.

Duk waɗannan suna cikin littafi na biyu na waƙar. Har dalilin da ya sa tsoho ne ke riƙe da gumaka Birjil ya faɗa: hannun Eniyas yana da jinin yaƙi, bai halatta ya taɓa su ba sai ya yi wanka a ruwa mai gudu. Amma akwai wani abu babba da ya zube a hanya. A cikin waƙar, Eniyas ne da bakinsa yake ba da wannan labari a wajen liyafa, gaban Dido, shekaru bayan faruwarsa. Shi ne ya ce wa matarsa ta biyo daga baya, shi ne kuma bai waiwaya ba har suka kai mahaɗar da aka yi alkawari a bayan gari, ya tarar babu ita. Mai sauraro yana jin muryar mutumin da ke ba da labarin kansa, yana iya tausaya masa, yana kuma iya tambayar ko da laifinsa. Hoto ba shi da bakin mai ba da labari. Abin da ya kasance "in ji Eniyas" ya koma "ga shi kuna gani". Gani ya kori ji, tare da ji kuwa aka kori shakka.

A madadin abin da ya zubar, hoton ya ƙara nasa. A bayan mutanen, cikin garin da ke ci da wuta, Barocci ya sa wani gini mai da'ira irin wanda Bramante ya gina a Roma a farkon ƙarni na 16, da dogon ginshiƙi irin na Sarki Tirajan. Wato Roma ta gobe tana tsaye cikin Turoya ta yau. Abin da Birjil ya shimfiɗa cikin littattafai da yawa, cewa daga tokar wannan gari wancan zai tashi, mai zane ya dunƙule shi cikin kallo guda. Wannan azanci ne na gaske, kuma shi ne mafi kyawun abin da zanen Barok ke iya yi wa waƙa.

Lessing, manazarcin Jamus, ya tsara wannan bambanci cikin littafinsa na 1766 mai sunan Lawokun, inda ya nuna cewa waƙa cikin lokaci take tafiya, abu bayan abu, hoto kuwa cikin fili yake zaune, abu kusa da abu, don haka dole mai zane ya zaɓi ƙiftawar ido guda. Ƙarshen Eniyad ya isa misali. Turnus ya faɗi da rauni a cinya, ya roƙi sassauci, Eniyas ya tsaya yana shawara har ya fara karkata, sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar Palas, saurayin da Turnus ya kashe, fushi ya kama shi, ya soke shi, waƙa ta ƙare nan take. Nauyin wurin duka yana cikin wannan juyawar zuciya. Mai zane, ko wane ne shi, in ya nuna tsayawar ya ba mu jarumi mai rahama, in ya nuna sukar ya ba mu mai ɗaukar fansa. Ba ya iya ba mu su biyun, kuma duk wanda ya zaɓa ya riga ya yanke hukunci a madadin mai karatu.

5. Littafin Ogilby na 1654

John Ogilby, wanda aka haifa a Sikotlan a 1600 ya rasu a 1676, ya fara rayuwa yana koyar da rawa, ya buɗe gidan wasan kwaikwayo a Dublin, tarzomar 1641 ta raba shi da abin hannunsa. Ya fitar da fassarar Birjil cikin ƙaramin littafi a 1649, shekarar da aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya. A 1654 ya sake fitar da ita cikin babban littafi mai hotuna 101, kowane ya cika shafi. Francis Cleyn, mutumin Rostock ta Jamus, shi ya tsara hotunan. Waɗanda suka sauke su bisa jan ƙarfe sun haɗa da Wenceslaus Hollar, haifaffen Firag, da Pierre Lombart Bafaranshe, da William Faithorne. Littafin ya ƙunshi waƙoƙin makiyaya da na noma na Birjil, amma mafi yawan hotunan na Eniyad ne, kimanin shida ga kowane littafi.

Cleyn ya yi shekaru yana tsara zanen manyan darduman bango a masaƙar Mortlake, kuma ana ganin wannan a hannunsa. Yakan cika fili da mutane, ya jera su kamar ƴan wasa bisa dandali, ya tufatar da su da sulke da kwalkwali irin na Rumawa. Ƙarfinsa yana wajen taro: jiragen ruwa, fada, jerin gwano, fagen fama. Rauninsa yana wajen zuci. Inda Birjil ya shiga cikin ran Dido yana bin saƙe-saƙenta dare da rana, abin da allo ke iya bayarwa bai wuce tsayuwar jiki da miƙa hannu ba. Har ila yau hannun masu saukewa ba ɗaya ba ne: allurar Hollar ta fi sakewa wajen itatuwa da gine-gine da nisan fili, ƙarfen Lombart ya fi nauyi wajen jikin mutum. Mai duba littafin a jere zai ji wannan sauyin murya daga shafi zuwa shafi.

Amma abin da ya fi jan hankalin mai tarke yana ƙasan hoton. A nan aka zana ƴan ɗangwayen Latin da hoton ya dogara a kai, tare da sunan wani babban mutum da tambarin gidansu. Ogilby ya bi manyan ƙasa ɗaya ɗaya, kowa ya ɗauki nauyin allo, aka saka masa da ambaton suna. Da yawansu mutanen sarki ne, waɗanda yaƙin basasa ya kayar, a lokacin da Cromwell ke riƙe da ƙasa, ɗan sarkin da aka kashe kuma yana gudun hijira a ƙetaren teku. Ba sai an yi dogon bayani ba kafin a gane yadda irin waɗannan mutane za su karanta hoton basaraken da garinsa ya faɗi, ya ɗauki amanar ubansa, yana yawo yana jiran ranar da za a cika masa alkawari. Shafin guda ya tara iyayen gida uku: mawaƙi a baitinsa, mai zane a hotonsa, mai kuɗi a tambarinsa. Wanda ya san yadda makaɗan fada ke saƙa sunan mai kyauta cikin waƙa ba zai yi mamakin tsarin ba.

6. Littafin Dryden na 1697

Bayan shekara 43, allunan nan suna hannun Jacob Tonson, mai buga littattafai, wanda ya yi yarjejeniya da John Dryden ya yi sabuwar fassara. Dryden ya taɓa yi wa Ogilby ba'a cikin wata waƙarsa ta zambo, ya lissafa shi cikin mawaƙan banza, ga shi kuma ya gāji hotunansa. Aka bi tsarin dā: mutum 101 suka biya gini biyar biyar, aka kankare tsofaffin sunaye da tambura aka zana nasu, waɗanda suka biya gini biyu biyu kuma aka jera sunayensu a gaban littafi. Gini kuɗin zinariya ne da aka fara bugawa a 1663, ya samo sunansa daga gaɓar tekun Gini ta Afirka ta Yamma inda zinariyar ta fito.

Kiɗa ya riga ya sauya. A 1688 William na Holan ya sauka Ingila da jiragen ruwa da mayaƙa, Sarki James na Biyu ya gudu, William ya hau gado tare da matarsa Mary, ɗiyar James. Dryden ɗan Katolika ne, bai yi mubaya'a ga sabon sarki ba, don haka ya rasa muƙaminsa na mawaƙin fada. Tonson ya so a sadaukar da littafin ga William. Dryden ya ƙi, ya raba sadaukarwar ga wasu manya uku: Clifford, da Chesterfield, da Normanby. Tonson bai ja da shi kan rubutu ba. Sai ya sa aka gyara fuskar Eniyas a allunan, aka yi masa lanƙwasasshen hanci irin na William. Dryden da kansa ya ba ƴaƴansa wannan labari cikin wasiƙar da ya aika musu Roma a 1697.

A nan ne maganarmu ta tabbata. Labarin Eniyas yana da fuska biyu. Shi ne ɗan gudun hijira mai jiran haƙƙinsa, shi ne kuma baƙon da ya zo ta teku da makamai, ya sami ƙasa ta hanyar yaƙi da auren ɗiyar sarki. Fuskar farko ta dace da mutanen Charles a 1654, ta kuma dace da James da ke gudun hijira a Faransa a 1697, wanda zuciyar Dryden ke wajensa. Ta biyu ta dace da William. Waƙar ta bar ƙofofin biyu a buɗe, ƴan layuka kaɗan bisa jan ƙarfe suka rufe ɗaya. Mai fassara ya yi shekara uku yana auna kalmomi, mai gyaran allo ya yi masa riga-malam-masallaci, domin duk wanda ya buɗe littafin hancin zai fara gani kafin ya karanta ɗango ɗaya.

Irin wannan gyara ba baƙon abu ba ne a sana'ar. Lombart ɗin nan yana da wani allo na mahayin doki da ya kwaikwayo daga zanen Van Dyck, wanda aka riƙa sauya masa kai: wani bugu kan Cromwell, wani kan Charles na Ɗaya, wani kuma babu kai sam. Doki da sulke suna nan yadda suke, mai mulki kaɗai ke sauyawa.

7. Hukunci, da abin da ya shafi masu shirya littattafai

In aka auna hotunan Cleyn da ma'aunin fasaha zalla, ba su kai na Carracci ba: labari suke bi, ba safai suke ƙara masa zurfi ba. In kuwa aka auna su da aikin da suka yi wa masu karatu, darajarsu babba ce. Ogilby ya bi da Homa ta wannan hanya, Iliyad a 1660, Odisi a 1665, kuma Alexander Pope ya faɗa cewa yana ɗan shekara takwas ya ci karo da babban bugun nan mai hotuna, daɗinsa bai bar shi ba har girma. Shi ne ya zo ya fassara Iliyad tsakanin 1715 da 1720. Hoto ne ya fara kai yaron bakin waƙa.

Akwai kuma wata hanya da ta riga ta Barok, wadda ta fi kusa da buƙatar mai koyon karatu. A 1502 Sebastian Brant ya shirya bugun Birjil a Strasbourg da hotuna fiye da 200 na sassaƙen katako, ya kuma faɗa cewa yana son wanda bai yi karatu ba ya iya bin labarin ta hotuna. A can akan tara aukuwa biyu ko uku cikin hoto guda, a rubuta sunan kowa kusa da shi, a sa wa mutanen Turoya tufafin Jamusawa da gidajensu. Masana na baya sun raina wannan, suka ce kuskuren tarihi ne. Amma hoton Brant ana karanta shi daki-daki kamar rubutu, yana kuma koyar da sunaye, alhali hoton Barok sai wanda ya riga ya san labarin ke cin cikakkiyar moriyarsa. Wanda bai san Kirusa ba, mace kawai zai gani tana gudu, ba zai san cewa ganinta na ƙarshe ke nan ba.

Daga nan masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su iya ɗaukar abu uku. Na farko, sabon mai karatu hoto yake fara karantawa, kuma abin da ya gani ya fi zama a ransa bisa abin da ya haɗa da ƙyar harafi harafi. Don haka kwamitin da ke tace rubutu ya wajaba ya tace hoto da irin wannan tsanani. Na biyu, duk labarin da aka ɗauko daga bakin mai ba da tarihi yana da "in ji wane" a cikinsa, hoto kuwa yana share shi. Ranar da aka zana Bayajida a bakin rijiyar Kusugu, an ba shi kama da launin fata da tufafi, an kuma zaɓi ruwaya ɗaya cikin ruwayoyi, ko an yi niyya ko ba a yi ba. Na uku, hoton aro ba ya zuwa hannu wofi. Tsadar zane takan sa a ɗauko tsohon hoto a liƙa wa sabon rubutu, kamar yadda Tonson ya yi, sai ya zo da ra'ayin mai shi na farko, ko a ɗora masa na wanda ya biya kuɗin bugu. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Saboda haka ya kamata a san wanda ya zaɓi hoton, da wanda ya biya, da wanda ya gan shi na ƙarshe kafin a kai shi maɗaba'a.